Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Abin da Tudun Jos Yake Nema a Wurin Keke

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na rabu da mota bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, na koma zuwa aiki a kan keke. Tun daga lokacin tambayar da aka fi tare ni da ita guda ce: Malam, anya keke zai iya da garin nan? Zai iya. Amma ba yadda aka ɗauko shi daga shago ba, sai an gyara masa abu biyu, giya da birki.

Jos tana zaune ne a kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma cikin garin ma ba shimfiɗe yake ba. Wanda ke zaune a Farin Gada, Unguwar Rogo ko Bauchi Road, yana aiki wajen Sakatariya, Rayfield ko Bukuru, hawa ya fi yawa a tafiyarsa da safe, gangara kuma a dawowarsa da yamma. Daga Terminus zuwa Bukuru kusan kilomita 15 ne. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, hadari ya fi haɗuwa bayan azahar, wato daidai lokacin da mutum zai gangaro a gajiye, titi a jiƙe, napep sun cika hanya. Tun da aka hana acaɓa a Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang su ne suka gaji titin, kuma mai napep duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan zai tsaya.

Mu fara da giya. Keke irin na iyayenmu, Phoenix ko tsohon Raleigh mai taya inci 28, giyarsa ɗaya ce. Ka ƙirga haƙoran babban faifan da feda ke juyawa, yawanci za ka samu 44 ko 46, firiwil kuma, wato ƙaramin faifan da ke tayar baya, 18 ko 20. Idan 44 ne da 18, duk zagaye ɗaya na feda keken zai ci ƙasa wajen mita 5 da rabi. A Kano wannan daidai ne. A nan kuwa gwiwa ce za ta biya kuɗin, ka ga mutum ya miƙe tsaye yana danna feda, daga baya ya sauka ya tura. Maganin ba tsada: a cire firiwil ɗin a sa mai haƙora 22, a ƙara wa sarka gaɓa biyu. Zagaye ɗaya ya dawo mita 4 da rabi. A miƙaƙƙiyar hanya gudu zai ɗan ragu, amma hawan da ke sauke ka jiya yau a zaune za ka gama shi.

Wanda tafiyarsa ta wuce kilomita 8 ko 10, shawarata ya nemi na gwanjo mai taya inci 26, faifai uku a gaba, shida ko bakwai a baya. A giya mafi sauƙi, 28 a gaba da 28 a baya, zagaye ɗaya mita 2 ne kacal, ba tudun da zai gagare ka a cikin gari. Sai dai a sauya giya kafin a shiga hawan, ƙafa na juyawa ba da ƙarfi ba. Sauyawa a tsakiyar hawa ana danne da feda shi ke tsinka sarka, shi ke lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da na'urar giyar baya. Kada kuma a haɗa babban faifai na gaba da babba na baya, sarka tana tafiya a karkace, tana cin kanta.

Birki shi ne inda nake so a tsaya a saurare ni da kyau, domin hawa gumi kawai zai sa ka, gangara kuwa asibiti take kai mutum. Kafin ka biya kuɗin keke, ɗora maganaɗisu a gefen rim. In ya kama, ƙarfe ne, kuma rim na ƙarfe mai ƙyalli idan ya jiƙe robar birki sulɓewa take yi a kansa, ka matse iya ƙarfinka keken na tafiya abinsa. In bai kama ba alminiyam ne, shi kake so. Birkin faifai, wanda ke kama faifan ƙarfe a tsakiyar taya maimakon rim, ya fi kowanne kamawa cikin ruwa, amma samun robarsa da wanda ya iya saita shi ba ko'ina ba. Ni a ganina birkin V, mai dogayen hannaye biyu da ke matse rim daga gefe da gefe, a kan rim na alminiyam shi ya fi dacewa da mu, robarsa na da araha, kowane mai gyara ya san shi.

Saitin ba wuya. Tsakanin roba da rim a bar tazarar milimita 2 kowane gefe. Robar ta zauna a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, don in tana gogar taya cikin 'yan kwanaki za ta yanka gefenta. Idan ka matse hannun birki da ƙarfi, ya kamata yatsa biyu su shiga tsakaninsa da kan keken. In ya taɓa, waya ta saki, a ja ta. Birki mai yin ƙara kuwa, a sassauta notin, a sa ɗan kwalin ashana a ƙarshen robar ta baya, a matse birki a ɗaure, ta yadda gabanta zai riga taɓawa. Da damina duk mako ka duba fuskar robar. Yashin da ruwa ke kwasowa daga gefen titi yana nutsewa a cikinta ya riƙa kankare rim. A cire tsakuwoyin da allura, a goge da sanfefa. Ranar da tsagogin da ke jikinta suka shafe, ta gama aiki. Wayar birki kuma tsatsa ke kashe ta daga cikin bututunta, a zare ta a shafa mata giris kafin ruwan Yuli da Agusta, kuma ko zare ɗaya ya tsinke a canza ta. Dattijon da ke duba min keke, duk sanda na ce, “Baba, wannan ai za ta ƙara wata guda,” sai ya ce, “Ɗana, wayar birki ba a cin bashinta.”

A gangara birkin gaba ne ke tsayar da keke, na baya taimako yake yi. Masu tsoron na gaba suna matse na baya kaɗai, taya ta kulle, keken ya zame gefe. A matse su tare a hankali, a ja jiki baya a kan sirdi, hannu a tsaye. In ana ruwa, tun kafin wurin tsayawa a riƙa ɗan taɓa birkin don ya share ruwan da ke kan rim. A doguwar gangara kada a riƙe shi ɗungurungum, a matse a saki, domin rim na yin zafi, zafin kuma yana iya ɗaga tsohon faci. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, musamman bayan ruwa da yashi ke taruwa a nan. Kududdufi kuma a ɗauka rami ne a ƙarƙashinsa. Bar wajen mita ɗaya tsakaninka da lambatu ko motar da ke ajiye, kuma kada ka taɓa kutsawa ta daman tifa ko tirela a shataletale, direban ba ya ganinka.

Sarka ba ta son baƙin mai, duk da shi aka fi zuba mata, don cike yake da garin ƙarfe da datti. A wanke ta da kananzir, ta bushe, a ɗiga sabon man inji ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma. In mai ya taɓa rim, a wanke da omo nan take. Don sanin ko ta tsufa, a auna gaɓa 24: sabuwa inci 12 ce cif. Ta ƙaru da milimita 1 da rabi, a canza. Ta kai 3, firiwil ma ya tafi tare da ita.

Iskar taya a duba lambar da ke rubuce a gefenta, masu inci 26 yawanci tsakanin 40 da 65 ne a ma'aunin iska na PSI. Idan ka ciro tub ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji, ba ƙusa ba ce, iska ce ta yi kaɗan ka faɗa rami. Wajen faci a kankare, a shafa sholisho kaɗan, a jira minti 5 ya bushe kafin a manna, sannan a shafa cikin tayar da yatsa a nemo abin da ya huda. Ka fi son bawul irin na mota, kowane mai faci a bakin titi zai ba ka iska. Madigadi gaba da baya dole ne, haka jar fitila a baya da hular kwano. A jaka kuma famfo, tub guda, sifana 10 da 15, alanki 5, da kayan aiki a naɗe cikin leda.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun kaya: cefanen kasuwar Farin Gada, tukunyar gas, kai yara makaranta, da wuraren da dole a ajiye keke a kira mai napep.