Kwana biyu na bar famfo a buɗe, tiyo ya fashe

Har yau idan na tuna raina sai ya sosu, kuma ba kuɗin tiyon ke damuna ba, dashen furannin da na yi wata huɗu ina raino ne. Kwana biyu kacal na yi ba na gida. Da yammacin rana ta biyu maƙwabcina ya kira ni ya ce, "Malam, ruwa fa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofarka tun safe, na ɗauka ko wanki ake yi." Alhali babu kowa a gidan. Kafin ya ajiye wayar na riga na san abin da ya faru, don na tuna sarai yadda na gama ban-ruwa ranar da zan tafi. Na rufe kan fesawa, ruwa ya tsaya cak, na yar da tiyon a ƙasa, na ɗauki jakata na fita. Famfon kuwa a buɗe na bar shi, kamar yadda na saba kullum.

Da na dawo na tarar da tiyon ya tsage a tsaye, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa, kamar taku ɗaya daga bakin famfo. Ruwan da ke feshi ta nan ya haƙa rami a gefen kwarin dashen, ya kwashe ƙasar, saiwoyi duk a waje, farare, sun kwanta cikin taɓo. Bangon da ke kusa ya sha ruwa har fentin ya kumbura yana ɓarewa idan ka taɓa. A cikin dashe talatin da wani abu, bakwai ne suka farfaɗo.

Da farko tiyon na ɗora wa laifi, na yi ta faɗa ni kaɗai cewa an sayar mini da jabu. Sai da na huce na ɗauko wuƙa na yanke shi daidai wurin tsagar, na duba cikinsa. Roba ce falle ɗaya, babu zare ko ɗaya a jikinta. To wannan laifinsa ne, ko in ce laifina da na saya ban duba ba. Amma abin da ya fashe shi ni ne. Idan ka rufe kan fesawa ka bar famfo a buɗe, ƙarfin ruwan gaba ɗaya yana tsaye a cikin tiyon, dare da rana, yana tura jikinsa waje. Bututun da ke cikin bango an yi shi don ya jure wannan shekara da shekaru, shi kuwa tiyo an yi shi ne ruwa ya bi ta cikinsa ya wuce. Ga rana tana dukansa, roba kuma in ta yi zafi laushi take yi. Ga shi ruwan famfon gari yakan ƙara ƙarfi cikin dare, lokacin da masu ɗiba suka yi barci. Wurin da ya tsage ɗin ma na san shi, nan ne yake karyewa duk lokacin da na ja shi zuwa kusurwar lambun, har ya yi wani farin tabo. Na sha ganin tabon ina wucewa.

Da zan sayi wani ban yi gaggawa ba. Abu na farko da na yi shi ne leƙa bakin tiyon inda aka yanke. Mai kyau za ka ga falle-falle ne, roba a ciki, saƙar zare a tsakiya, wata robar a waje. Wannan saƙar ita ce ke riƙe shi kada ya kumbura. Sai na kama shi na tanƙwara a hannu kamar zan haɗa baki biyu. Wani nan take yake karyewa ya shafe, ya toshe hanyar ruwa, wani kuma sai ya yi gwiwa mai zagaye ya ƙi shafewa. Wanda ya karye a hannunka tun yana sabo, to a lambu ma aikinsa ke nan, kana ƙarshen fili ruwa ya ɗauke, ka ajiye ka koma neman inda ya ƙulle. A cikin masu zaren, na robar gaske ya fi ƙarko da jure rana, sai dai nauyi, kuma wani yakan bar baƙi a hannu. Na PVC, wato na filastik, ya fi sauƙin ja, amma rana na busar da shi ya yi tauri ya fara tsattsagewa. Ni na ɗauki mai nauyin, na haƙura da ja.

Maganar faɗi ma da ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Yawancin tiyon lambu uku ne: rabin inci, biyar bisa takwas na inci, da uku bisa huɗu, wato kusan milimita 13 da 16 da 19 a ciki. Bambancin 13 da 16 a ido ba wani abu ba ne, amma hanyar da ruwa ke bi ta ƙaru da kusan rabi. Tsohon nawa siriri ne kuma mita 50, alhali daga famfo zuwa bango mafi nisa bai kai mita 20 ba. Na saya ne da tunanin gara ya yi yawa. Sai ragowar mita talatin ɗin ta zama tuli a ƙasa, tana ƙullewa, tana rage wa ruwan ƙarfi, don duk tsawon da ya ƙaru ruwa na gogar jikin tiyon yana rasa ƙarfi kafin ya fito. Wannan karon na auna da igiya, na sayi mita 25 mai milimita 16. Bokitin da nake gwadawa da shi ya cika tun ban gama gyara tsayuwa ba.

Sai mahaɗin da ake murɗawa a bakin famfo. Na tagulla na ɗauka. Akwai na alminiyam da ake yi wa launi ya yi kama da tagulla, ka ɗaga ka ji, shi ba shi da nauyi. Idan aka bar alminiyam a ɗaure da famfon tagulla cikin damshi wata da watanni, sukan ci juna su manne, sai an sa zarto. Ɗigar da ake yawan gani a nan kuwa, galibi 'yar zagayayyar robar da ke ciki ce ta mutu. Da can filaya nake sawa in ƙara matsewa, ina cinye haƙoran mahaɗin a banza. Yanzu ina da 'yan robobin nan a gwangwani, in ya fara ɗiga in canja, in murɗa da hannu kawai.

Amma duk wannan zaɓe da na yi, da na ci gaba da halina na da, sabon ma wata rana zai bi sahun tsohon, sai dai ya fi shi daɗewa kafin ya fashe. Abin da na canja shi ne tsarin rufewa. Famfo nake fara rufewa, sannan in buɗe kan fesawa har sai ruwan ya daina fita, tiyon ya saki jiki. Wannan na biyun ma dole ne, don in ka rufe famfo ka rufe kai, ka kulle ruwa ke nan a tsakiya, rana ta gasa shi ya nemi wurin buɗawa ya rasa. Bayan nan in ɗaga shi daga baki ɗaya in bi shi ina tsiyayewa. Mita 25 na ɗaukar kusan lita 5, ba ƙaramin nauyi ba ne in za ka naɗe shi a cike. Kuma ruwan da ya kwana a ciki rana ta dake shi, zafinsa na iya ƙona ɗanyen ganye, har fatar yaro. Shi ya sa in na kunna sai na zubar da na farko a ƙasa, na ji ya yi sanyi a hannuna, kuma ba na bari kowa ya kafa baki ya sha.

Naɗewa manyan zagaye nake yi, in rataye a inuwa kan abu mai faɗi. Ƙusa ɗaya ba ta yi, nauyin duk a wuri guda yake taruwa ya yi masa gwiwa, ita ce kuma gobe za ta zama farin tabon nan. A kusurwar da yake karyewa na kafa ɗan turke mai santsi, yana zagaya shi maimakon ya tanƙware.

Tsohon ban jefar ba. Na yanke wurin tsagar, na tsoma bakunan a ruwan zafi suka yi laushi, na cusa mahaɗi a tsakani na ɗaure da zoben ƙarfe, na mai da shi na wanke mota, ina tsaye a kansa har in gama. Bangon kuwa sai da ya yi makonni kafin ya bushe a iya sake masa fenti, har yanzu in ka lura za ka ga iyakar inda ruwa ya kai. Makon jiya mun riga mun shiga mota za mu fita, na ce a jira ni, na koma na taɓa famfon. Maiɗakina ta ce, "Ai a gabana ka rufe shi." Na ce na sani. A rufe ɗin yake, amma sai da na ƙara murɗa shi.