Na je Jos neman dankali

Ranar Talata da asuba na shiga mota a Nyanya, masu shigowa Abuja ne ke shan gosulo a Mararaba, mu da muke fita kam hanya fetal har Keffi. A Akwanga muka tsaya shan shayi, daga nan ba abin labari sai a Hawan Kibo inda wata tirela ta mutu a tsakiyar hawa muka yi kusan awa ɗaya muna jira, ga sanyi ya fara shiga ƙashi ni kuma ko rigar sanyi ban ɗauko ba.

Abin da ya kai ni Jos, ɗan kamfanin da nake wa aiki a Abuja dankalin turawa muke soyawa mu ƙulla a leda, mu 9 ne, oga ya zuba kuɗi ya sayi injin yanka amma a sati sai mu yi kwana biyu a zaune muna kallon juna, don mutum ɗaya tal ke kawo mana kaya, ran da motarsa ta lalace ko ya samu mai ƙarin farashi shikenan, ga haya da albashi ba sa jira. Kuma in ya kawo ma rabin buhun ƙanana ne, injin ya yi ta ɓarnarsu.

Kasuwar Farin Gada na nufa, kabeji da karas da tumatir tuli tuli, 'yan dako na ta a ba su hanya. Wani dattijon dillali da aka haɗa ni da shi ya saurare ni tsaf, sai ya yi dariya ya ce "ɗana, ku fa saye kawai kuke yi, ba ku da mutane." Na ce Baba kamar yaya? Ya nuna min wasu buhuna a gefe ya ce na wani mai irin sana'armu ne, shi tun kafin shuka yake tura wa manoma a Bokkos da Mangu kuɗin taki, to in an haƙa manyan shi ake ware wa, in damina ta kawo cutar da ke ruɓar da dankali shi ake fara kira ya shirya, kuma direbobi uku ya sani, kayansa na bin lodin masu kabeji su raba kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan rabon ba ƙaramin sauƙi ba ne wallahi.

Gaskiya na ji kunya, shekara biyu muna zagin injin da wutar Nepa.

Na kwana a Bukuru, washegari na juyo da buhu 6 da Baba ya tsaya da kansa aka zaɓa, da lambar direbobi biyu. Muna Akwanga oga ya kira, tambayarsa ta farko nawa na sayi buhu, na ce ranka ya daɗe bari dai in iso, maganar taki za mu fara yi.