Mai Gida Ke Biya, Kare Ke Duba Aiki

Ɗan ƙaramin kamfani ne gare ni na share-share da goge-goge a gidajen mutane. Da farko ba ma zaɓen aiki: wankin kafet, kujeru, tagogi, duk abin da ya samu. A hankali sai muka lura kiran da ya fi yawa daga masu ajiye kare a cikin gida yake zuwa, muka karkata can, har aka san mu da shi. Abin da ake kiranmu a kai sananne ne: fitsari, kashi, amai, gashi, sai taɓon da kare ke kwasowa da ƙafa. Duk sauran ido na ganinsu, in an kwashe an wanke magana ta ƙare. Fitsari ne uban tafiyar, shi ne ke cin lokacinmu da kayan aikinmu.

Dalili kuwa shi ne, mutum ne ke biyan kuɗin aikin amma kare ne ke duba ko aikin ya yi. A hancin ɗan Adam akwai ƙwayoyin jin wari kimanin miliyan 6, na kare kuwa suna iya kaiwa miliyan 300. Wurin da uwargida ta wanke har yana ƙyalli, ta shinshina ba ta ji komai ba, shi kare yana shigowa zai nufi nan kai tsaye. Tunda ya ji warin fitsarinsa a wurin, a ganinsa nan ne makewayi, sai ya ƙara. Shi ya sa idan mun gama aiki wuri ya bushe, nakan ce a sako karen ya shigo, mu koma gefe mu zuba ido. In ya ratsa ɗakin ya wuce abinsa, to madalla. In ya tsaya ya kafa hanci a wani lungu ya ƙi tafiya, tsugune ba ta ƙare ba, mu sake ɗauko kaya.

Sabon fitsari ba shi da wani zarni sosai, galibinsa ruwa ne. Idan ya kwana, ƙwayoyin bakteriya sukan far wa sinadarin yuriya da ke cikinsa su mayar da shi amoniya, ita ce ke bugun hanci har ido ya yi hawaye. Ruwan zai ƙafe, amma gishirin da ke ciki ya zauna a zaren kafet, kuma wannan gishirin yana jan danshi daga iska. Saboda haka ƙorafin da muka fi ji iri ɗaya ne: mun wanke, warin ya tafi, ranar da aka yi ruwa sai ga shi ya dawo. Ba dawowa ya yi ba, da ma yana nan.

Ba ma taɓa bokiti sai mun gano inda ɓarnar take. Mai gida yakan nuna wuri ɗaya, ya ce nan ne kawai. Sai mu sauke labule, mu kashe fitila, mu kunna tocila mai hasken UV, wato hasken da ke bayyana tabon da ido ba ya gani. A cikin duhun busasshen fitsari yakan yi wani haske, rawaya-rawaya da ɗan kore. Ga shi a ƙafar kujera, ga shi a leɓen labule, ga wani siririn layi ya gangaro daga kusurwar bango ya taru a ƙasa. Yaron aikina na biye da ni da alli yana zagaye kowane wuri, domin da an kunna fitila komai zai ɓace. A wannan lokacin ne masu gida kan yi shiru. Ita ma tocilar ba a sakar mata jiki gaba ɗaya, don ragowar garin sabulu ma yana haske a ƙarƙashinta, sai dai nasa fari ne mai shuɗi-shuɗi. Inda aka yi shakka, dole mutum ya durƙusa ya kai hanci. Wanda ke ƙyamar wannan ba zai daɗe a sana'ar nan ba.

Zanen allin ma yana da labarin da yake bayarwa. Ɗigo kaɗan-kaɗan a jikin abubuwan da ke tsaye, wannan yawanci namiji ne ke ɗaga ƙafa yana sa alamar cewa nan hurumina ne. Tabo babba a bakin ƙofa kuwa, kare ne da fitsari ya matse shi, ya je ya tsaya ba wanda ya buɗe masa.

A kafet, abin da ke sama ba ya nuna girman ɓarnar. Tabon da bai wuce tafin hannu ba a sama, in ka ɗaga kafet ɗin za ka tarar ya kai faɗin faranti a soson da ke ƙasa, wani lokaci ma ya ratsa har daɓe. Mai gida ya ɗauki buroshi ya dirje da ƙarfi, yana ganin ya kyauta, alhali tura fitsarin ya yi ciki ya kuma baza shi gefe. Abin da ya dace in sabo ne shi ne a ninka tsohon tawul a ɗora, a hau kai da ƙafa a tsaya, a canja wani busasshe, har ya daina tsotso komai. Sannan a zuba ruwan sanyi kaɗan a sake dannawa. Wanda ya yi wannan cikin mintunan farko sau da yawa ba ya bukatar mu.

Aikin da ya fi ba mu wahala shi ne wanda aka riga aka yi wa magani kafin mu zo. Wani ya goge da ruwan wanki mai amoniya a ciki, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, don warin amoniya ai ɗan'uwan warin fitsari ne, gayyatar karen ya yi. Wani ya kwarara bilic a kan fitsarin da ya kwana, ya rufe ƙofa. Wannan haɗari ne na gaske: bilic da amoniya in sun haɗu suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Haka bilic da ruwan khal, su ma ba a gama su. Wani kuma ya ari injin wanki mai tururi, zafin ya dafe tabon a jikin zaren ya zama na dindindin. Masu feshin turare su ne suka fi yawa, kuma in ka tambaye ni, zarni tsagwaronsa ya fi daɗin shaƙa a kan zarnin da aka cakuɗa da turare.

Abin da muke dogaro da shi ruwan wanki ne mai sinadarin enzayim. Shi ba rufe wari yake yi ba, farfasa dattin yake yi ya narkar da shi. Sai dai yana da sharuɗɗa. Zafi yana kashe shi, ragowar bilic ko sabulu mai ƙarfi suna kashe shi, don haka sai mun fara ɗauraye duk abin da aka zuba kafin zuwanmu, mu zuƙe ruwan da inji. Kuma dole ya kai duk inda fitsarin ya kai. Feshi sama-sama ɓarnar kuɗi ne. Jiƙa wurin muke yi sharkaf har soso, mu wuce da'irar allin, mu rufe da leda kada ya bushe da wuri, don yana bushewa ya daina aiki. Daga nan sai jira. Sabon tabo mintuna 15 sun isa, tsoho kuwa sa'o'i ne, wani sai ya kwana, wani sai an maimaita. Akwai kwastoman da kan leƙo ya gan mu zaune ya ce, "Malam, har an gaji ne?" Sai in ce, "A'a ranka ya daɗe, yanzu ma aikin ke gudana." Bayan an zuƙe sai a sa fanka, domin kafet da aka bari da lema fumfuna zai yi, an rabu da wani wari an kama wani.

Kowane daɓe da halinsa. Tayil ba ya shan ruwa, amma simintin da ke tsakanin tayil da tayil yana sha, can warin ke maƙalewa. Marmara ba ta son tsami, ruwan khal yana cinye ƙyallinta ya bar ta dusu-dusu. Katako in fitsari ya daɗe a kai baƙi yake yi, kuma baƙin ba a sama yake ba, sai an kankare ko a canja allon. Darduma ta ulu kuwa tsohon fitsari yakan taɓa rininta, don haka ko wari ya fita launi ba zai koma yadda yake ba. Nakan faɗi wannan tun kafin mu fara. Katifa ko soson kujera da fitsari ya ratsa sau da yawa, gaskiyar magana a jefar ya fi. Na gwammace in rasa kuɗin wankin da in karɓa a dawo ana nemana bayan mako biyu.

Kashi ba shi da wuyar kwashewa, amma shi ya fi haɗari. Safar hannu dole ce. Mai tauri a ɗauke da leda. Zawo kuma a kwalfe da guntun kwali daga gefe zuwa tsakiya, kada a shafe da tsumma. Tsutsar ciki ta kare tana zuba ƙwai a kashi, ƙwan kuma sai ya yi mako 2 zuwa 4 a waje kafin ya iya kama mutum. Wato kashin da aka kwashe a ranar bai kai wanda aka bari a tsakar gida haɗari ba. Yara masu rarrafe da wasan ƙasa su suka fi shiga hatsari, kuma tsutsar in ta shiga jiki tana iya kaiwa har ido.

Tambayar da ba na fasa yi tun a waya ita ce ko karen na da lafiya. Idan aka ce ɗan kwikwiyo ne mai amai da zawon jini, cutar fabo nake fara kawowa a rai. Cuta ce da ta bazu cikin karnukan duniya a 1978. Ba ta kama mutum, amma tana kashe 'yan kwikwiyo, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, yawancin magungunan goge-goge ba sa yi mata komai. A nan ne bilic ke da rana. Sai an wanke dattin tas an ɗauraye tukuna, tagogi a buɗe, sannan a haɗa kashi 1 na bilic da kashi 30 na ruwa, a bar wurin a jiƙe minti 10. Ranar da muka yi irin wannan gidan ba ma zarcewa wani gidan mai kare. Takalma, buroshi, tiyon inji, duk sai sun sha wanki, don tafin takalmi kaɗai ya isa ya kai cutar gidan da ba su ji ba ba su gani ba.

Amai sauƙi gare shi in an yi hanzari, sai dai rawayan ruwan ɗaci yana rina yadi. Gashi kuma injin zuƙe ƙura ba ya kwashe shi duka. Safar roba mai ɗan danshi in ka shafa a kujera sai ya dunƙule ya fito.

Akwai inda aikinmu ya tsaya. Karen da ya yi shekaru ba ya ɓarna, rana ɗaya ya fara fitsari a ɗaki, ba rashin kunya ba ne. Yana iya zama ciwon mafitsara, ciwon sukari, ciwon ƙoda ko tsufa, kuma likitan dabbobi ne zai raba gardama. Haka in na ga jini a tawul, ko kashi baƙi ƙirin, nakan nuna wa mai gida kafin in jefar. Masu kama kan kare su dangwara hancinsa a cikin ɓarnar kuwa, abin da yake koya shi ne kada a gan shi, sai ya koma yi a bayan kujera da ƙarƙashin gado, inda ba za a gano ba sai wari ya tona. Ɗan kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da sa'o'i biyu ko uku, komai horo. In aka kira ni irin wannan gidan, nakan wanke abin da ya riga ya faru, sannan in ce a naɗe kafet ɗin a ajiye, a riƙa fita da shi da ya farka da kuma bayan ya ci, sai ya yi wayo a shimfiɗa.