Ƙofar da Ba a Gani

Shagona yana Tudun Wada a Gusau, ɗan ƙarami ne, ni da yara biyu. Modem da rawuta muke sayarwa, wato na'urorin raba intanet a gida ta Wi-Fi, irin masu ɗaukar layin waya, mu kuma bi mutum har gida mu haɗa masa. Ciniki shi ake gani daga waje, amma rabin wunina wajen kulle ƙofa yake ƙarewa, ƙofar da mai gida bai ma san da ita ba.

Kwanakin baya wata Hajiya ta aiko kirana daga Samaru. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, datar wata guda na saka, ko kwana goma ba ta yi ba. Anya ba cutata ake yi ba?"

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri in duba tukuna."

Na buɗe shafin saitin na'urar ta adireshinta na 192.168.8.1, na tarar da wayoyin da ke kai sun ninka mutanen gidan. Da na tambayi kalmar sirri, sai ga lambar wayarta, wadda duk unguwar an haddace. Ga shi tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025, irin wannan yoyo ba ƙaramin ciwo ba ne ga mai iyali.

Abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne Wi-Fi rediyo ne. Bai san katanga ba, yana fita har dakalin ƙofar gida. Abin da ke kare ka kawai shi ne rawuta ta cakuɗa saƙon yadda sai mai mabuɗi zai warware. Kwaɗon farko, WEP, ya fito a 1997, zuwa 2001 masana sun gano lagonsa, yau cikin 'yan mintuna ake ɓalle shi. Har yanzu ina cin karo da shi a tsofaffin na'urori na gwanjo, kuma gaskiya raina yana ɓaci in na ga an sayar wa talaka irinsu. Kwaɗon WPA2 na 2004 shi ne mafi ƙarancin abin da zan bar wa mutum. In na'urar tana da WPA3, wanda ya zo a 2018, sai in haɗa su biyun, don wasu tsofaffin wayoyi ba sa gane sabon.

Akwai kuma WPS, ɗan maɓallin nan na haɗawa cikin sauƙi. Yana kuma da lambar sirri mai alƙaluma takwas, amma tun 2011 aka nuna cewa rawuta tana duba ta rabi-rabi, don haka gwaji kamar 11,000 ya isa a dace. Ban taɓa fita daga gida na bar shi a kunne ba. Sannan mabuɗi biyu ne, amma ɗaya kawai mutane suka sani, wato kalmar sirrin Wi-Fi. Na biyun shi ne na shiga cikin rawutar kanta, wanda sau da yawa yana nan a "admin" yadda ya fito daga kwali. Wanda ya samu wannan, gidan ya zama nasa.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A ɗora na'urar sama kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, a nema mata ƙaramin batiri saboda ɗauke wuta.

Ban manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara. Mun yi makonni muna buɗe shago mu share ƙura mu rufe, 'yan POS da ɗalibai suna leƙowa ko akwai dabara. Tun daga nan na daina yi wa intanet kallon kayan alatu.

Na sa wa Hajiya sabuwar kalmar sirri mai tsawo, na rubuta a takarda na miƙa mata, na kuma gargaɗi samarin gidan kan raba ta, tunda yanzu waya kan nuna ta a hoton QR abokai su ɗauka. Sai ta yi shiru, can ta ce, "To 'yar maƙwabtana fa? Karatu take a jami'a, ba zan iya hana ta ba."

Na koma na zauna, na buɗe mata sashen baƙi, wato Wi-Fi na biyu a rawutar, da mabuɗinsa daban. Hajiya ta aika yaro ya kira yarinyar ta zo da wayarta.