Kafin ka karɓi makullin hostal, duba gindin bango

Ƙannena masu shiga jami'a, musamman wanda hostal ɗinsu ke gaɓar kogi, ku ji abin da ya same ni. Ni da bakina na roƙa aka ba ni ɗaki a ƙasa wai ba na son hawan bene, ga iska mai sanyi daga kogin da daddare, har dariya nake wa 'yan hawa na uku in na gan su suna haki da bokitin ruwa.

Ranar da na tare na ga wani layi a bango daidai gwiwata, ƙasansa fenti ya kumbura yana ɓarewa, ƙafafun gadon ƙarfen sun yi tsatsa, ga warin danshi da ko an buɗe taga ba ya fita. Na gani da idona fa, na ce ai tsufan gini ne. Ashe shatin ambaliyar baya ne. Da na tambayi maigadi ko masu shara da sun faɗa min, su ne suka san tarihin gini, amma ina, ɗokin ɗaki ya hana.

Daren da abin ya faru ko ɗigo ba a yi a wajenmu ba wallahi, shi ya sa muka kwanta hankali kwance. Kogi kuwa ba ruwansa da sararin samanka, ruwan da aka tafka can sama ko wanda aka sako daga dam shi yake kwasowa, sai bayan awoyi ya iso kana barci. Kuma ba ta ƙofa ya fara shigowa ba, ta magudanar banɗaki ya ɓullo, don in kogi ya haura bakin bututu sai ruwan dattin ya juyo baya. Wajen ƙarfe 2 na farka na ga silifas ɗina na yawo a tsakar ɗaki, zan sauko kenan abokin ɗakina ya daka min tsawa, ashe ekstenshan ɗina na ƙasa a jone cikin ruwan. A kan gado muka tsuguna har wani ya kashe wutar ginin, mu ko inda makunnin yake ba mu sani ba.

Babbar wautar ita ce bayan mun fita na koma ɗauko laftof. Ruwan bai kai gwiwa ba sai na raina shi, ina taka tsakar gidan ya kwashe min ƙafa. Ruwa mai gudu in ya kai santimita 15 ya isa ya ka da babban mutum, santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota. Wani ƙarfe ya yanke ni a dunduniya, kuma ruwan nan haɗe yake da na masai da fitsarin ɓera, ta nan kwalara da taifot da sauransu ke samun mutane. Sati guda na yi a kwance da zazzaɓi, laftof ɗin ma bai ƙara kawo wuta ba.

In da hali ka karɓi ɗakin sama ko da kuwa za ka yi haki. In ƙasan ne dole, ekstenshan ya hau tebur, takardunka a ɗaure a leda a saman wadrob, ka ɗauki hotonsu ka tura imel ɗinka, ka kuma tako hanyar tsira zuwa tudu tun da rana don ka san ta, wadda ba ta bi ta gada ko kwalbati. Kar wani ya ruɗe ka da cewa an yi ambaliya bara don haka bana ba za a yi ba.

Satifiket ɗina na sakandare a jaka yake ƙarƙashin gado, da na zo ɓamɓaro shi rabin sunana ya bi bayan takardar haihuwata, sai da na shafe watanni ina zarya kafin na samu madadinsa.