Daren da 'yan sanda suka kira ni a kan yarona a Ingila

Ƙarfe biyu saura na dare wayata tai ƙara, ina dutin dare a gidan kula da tsofaffi da nake aiki a wani gari a arewacin Ingila. 'Yar sanda ce. Tace sun tsinci yarona a tashar jirgin ƙasa ko takalmi babu, cikin sanyin Nuwamban 2023, yana ta cewa wasu na binsa kuma da shi ake magana ta lasifikar tashar. Shekararsa 15 a lokacin. Ɗan fari ne, dama ba na kama sunansa, to ku bar ni da "yaron".

Gaskiya ba zan ce abun ya zo min ba zata ba. Kusan wata huɗu yana canzawa a idona, baya barci, ya liƙe kyamarar wayarsa da salatif, in na zuba masa abinci sai ya jira ƙanwarsa ta fara ci. Na faɗa wa Hajiya kakarsu a Kano tace iska ce ko sammu, aka samo malami yana masa ruƙiyya ta WhatsApp, ga habbatus sauda ga ruwan tofi. Ban raina addu'a ba har gobe, amma abun da ya hana ni kai shi wurin likita tsoro ne kawai, tsoron 'yan soshal, wato ma'aikatan hukuma masu sa ido kan walwalar yara, don duk baƙar fatar da ke ƙasar nan ta ji labarin wadda aka karɓe wa yara. Sai na rufa asiri har asirin ya fita titi da kansa.

Da na isa asibiti na tarar da shi a wani ɗaki a sashen gaggawa, 'yan sanda biyu a bakin ƙofa. Nace na gode, ni ce uwarsa, zan tafi da shi gida. Ɗayan yace ba zai yiwu ba, yana ƙarƙashin sashe na 136. Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan ƙanƙara, ɗan da na haifa wai sai an ba ni izini.

Daga baya ne na fahimci abun. Suna da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, kuma ba ruwanta da shekaru, yaro ma tana hawa kansa. Sashe na 136 ya ba ɗan sanda ikon ɗaukar mutum daga wurin da ba gidan zama ba in ya ga alamar taɓuwa kuma yana buƙatar kulawa nan take, ya kai shi inda likita zai duba shi. Awa 24 ne, likita na iya ƙara 12. Da can awa 72 ne, a 2017 aka rage, kuma tun lokacin aka haramta ajiye wanda bai kai 18 ba a ofishin 'yan sanda. Da a cikin gida yake sai sun samo takarda daga kotun majistare, wannan shi ne sashe na 135.

Washegari da rana likitoci biyu suka zo da wata mata 'yar soshal wadda aka horar musamman kan wannan aikin, don ita ke sa hannu a takardar tsarewa bayan likitocin sun rubuta nasu. Suka gan shi, suka gan ni. Suka ce yana buƙatar kwanciya, shi kuma ya rantse ba inda za shi. Nan na fara roƙo, nace ku bari ni in sa hannu a matsayin uwa a kwantar da shi kamar kowane mara lafiya, kar a ce an yi masa sekshan, wato an tsare shi ƙarƙashin wani sashe na dokar, don ni a kunnena kalmar kamar ɗaurin gidan yari ce. Matar nan ta zauna kusa da ni tace yaro mai shekara 15 yana cewa a'a, za a kulle masa ƙofa a ba shi magani mai ƙarfi, ba sa son su jingina wannan da sa hannun uwa kaɗai. In da sa hannuna ya shiga, wa zai kai wa ƙara? Amma in doka ce ta tsare shi, yana da lauya kyauta, yana da kotu, kuma akwai ranar da dole a sake shi ko a sake zama a kansa. A ranar haushi maganarta ta ba ni. Yanzu kam na san ita ce mai gaskiya.

Aka sa shi a sashe na 2, kwana 28 na bincike, ba a sabunta shi, in ya ƙare ko a sallame shi ko a koma sashe na 3 mai wata shida. Sai matsalar gado. Doka tace yaro sai wurin da ya dace da shekarunsa, gadon yara kuma ya yi ƙaranci, sai da muka ƙara kwana biyu kafin a samu, a wani gari mai tafiyar awa biyu da rabi a jirgi. Kuɗin tikiti kaɗai ya cinye min rabin albashi.

Akwai wani matsayi da dokar ke kira dangi mafi kusa, kuma ba kai ke zaɓa ba, jeri ne a rubuce. Tsakanin uwa da uba wanda ya fi shekaru shi ne. To Abbansu ya girme ni da shekara tara, amma yana Kano, wanda ke zaune a wata ƙasa kuma ba a lissafa shi, sai abun ya faɗo kaina. Da na faɗa masa a waya yai shiru yace to Maman yara, ki yi abun da ya dace. Shi kuma abun da ya dace a wurinsu gaba ɗaya shi ne in fito da yaron in sako shi a jirgi.

Anan na tafka kuskure. Mai wannan matsayin na iya rubuta wa shugabannin asibiti cewa a sallami mara lafiya, a ba su awa 72. Wata 'yar uwa a gurup ɗinmu na mata ta faɗa min, ban tambayi kowa ba, a kwana na biyar na rubuta na miƙa. Abun da ba ta faɗa min ba shi ne likitan da ke kula da shi na iya tare takardar in yana ganin fitar yaron haɗari ce gare shi ko ga wasu, kuma in ya tare, sai bayan wata shida zan iya sake rubuta wata. Haka ko akai. Harsashi ɗaya gare ni na harba a iska, alhali yaron a lokacin ko ni bai yarda da ni ba, cewa yake an canza masa uwa.

Allah ya taimake mu da wani bawan Allah mai ba marasa lafiya shawara, ba ma'aikacin asibitin ba ne, doka ce ta tanadi irinsu. Shi ya tuna mana cewa mai sashe na 2 kwana 14 na farko kawai yake da su ya kai ƙara kotun musamman, saura kwana uku lokacin. Yaron da kansa ya sa hannu. Mutum uku ne suka zauna, alƙali, wani likitan daban da mutum na uku, a cikin asibitin, likitansa yana amsa tambayoyi kamar ɗalibi. Ba su sake shi ba, amma ranar na fara jin dalilai filla-filla, sunan maganin, me suke jira su gani, yaushe za a fara barinsa ya fita. Ni ma aka ba ni dama na yi magana, na faɗi zancen ruƙiyya ina jin kunya, babu wanda yai dariya.

In kin samu kanki a nan 'yar uwa, ki nemi littafi ki dinga rubuta ranaku, don komai a dokar nan lissafin awa da kwana ne, ki tambayi lambar sashen tun daren farko. Kuma ki faɗa musu abun da kike so kai tsaye. Na tambayi abincin halal da darduma, suka kawo, har limamin asibiti ya zo ya gan shi, na kai zamzam nas ta duba gorar ta miƙa masa. Caja da bel da igiyar takalmi ne dai suka karɓe. Tsoron da nake ji ma ba daga sama ya faɗo ba, alƙaluman NHS, hukumar lafiyar ƙasar, da kansu sun nuna ana tsare baƙaƙe fiye da sau uku a kan farare, shi ya sa nake cewa kar ki je zama ke kaɗai in da hali.

Abbansu ya dinga cewa ai a gida ba a wannan dogon turancin. Nace masa mu ma fa muna da doka, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mu ne dai ba mu karanta ba, mun fi sanin a ɗaure mutum a ɗaki ko a kai shi gidan mari.

A kwana na 19 suka bar shi ya fita da ni awa biyu, muka ci shinkafa da kaza a wani shagon 'yan Pakistan, ya ci bai jira na fara ba. Kwana na 26 likita ya cire shi daga sashen, ya ƙara sati ɗaya da yardarsa, sannan muka dawo gida ƙarƙashin kulawar CAMHS, masu duba ƙwaƙwalwar yara, suna zuwa duk sati. Yana shan maganinsa, Hajiya kuma har yau duk Juma'a sai ta turo masa addu'a ta murya, yana saurara da iyafis kafin ya kwanta.