Haƙori ɗaya ne bambancin, amma sai da na fasa adafta

Na sa gejin auna matsin mai ne don in gano ko famfon mai ne ke sa tsohuwar Corollata shaƙewa idan ta yi zafi. Gejin ƙirar Amurka ne, adaftar da ake ɗaura shi a kanta, wadda ke hawa kan notin filtar mai, kuma ta Japan ce. Na ɗaura, na tayar, allura ta nuna matsi kusa da bar 3, hankalina ya kwanta. Washegari ina ɗaga bonet warin fetur ya buge ni. Ɗigo na taruwa a gindin zaren gejin, wato haƙoran da ake ɗaura shi da su, ya kumbura a hankali, ya faɗo, wani ya biyo bayansa, ga wayoyi da inji mai zafi a kusa.

Sai na ɗauko sifana na ƙara matsewa. Wannan ne abin da har yau yake ci min rai. Yoyon ya ragu bai tsaya ba, na kwance na naɗa farin tef ɗin masu aikin famfo, na sake matsewa da ƙarfi. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Da na tayar, fetur ya daina ɗiga, ya koma feshi siriri kamar zare. Adaftar tagulla ce, ta tsage daga baki.

Wani dattijon bakanike a unguwarmu ya karɓi gejin da adaftar, ya jera zarensu ya ɗaga wa hasken rana. "Ɗana, waɗannan ba jinsi ɗaya ba ne," in ji shi. Na Amurka, 1/8 NPT, haƙora 27 ne a inci ɗaya, kusurwarsu digiri 60. Na Japan irin na Ingila ne, 1/8 BSPT, haƙora 28, digiri 55. Ido ba ya rabewa. Juyi biyu ko uku na farko yana shiga lafiya lau, daga nan haƙoran su fara hawa kan juna, su bar wa mai hanya. Kuma zaren bakinsa siriri ne gindinsa kauri, duk juyin da na ƙara sai ya buɗa tagullar kamar gatari a itace. Tun da ya cije da wuri ya kamata in tsaya.

Tef ɗin ma ya yi min faɗa a kansa. Fetur ba ya narkar da shi, amma idan ya leƙa bakin zaren sai ya yage. A wajena kuwa mai ya riga ya wuce filta kafin ya iso adaftar, ba abin da zai tare guntun sai injekta mai fesa fetur cikin inji. Da idona na ga farin ɓarɓashi a ramin adaftar, jikina ya yi sanyi.

Kwana huɗu mota na ajiye kafin in samo adafta mai zaren NPT. Wannan karon na zare soket ɗin famfon mai a ƙarƙashin kujerar baya, na bar injin ya mutu da kansa don matsin ya sauka, na cire kan batir, na naɗe wurin da tsumma. Na sa sababbin washa na jan ƙarfe a notin filta. Na shafa man toshe zare wanda aka rubuta a jikinsa yana jure fetur, na bar haƙora biyun farko babu komai. Da hannu na ɗaura har ya tsaya, na riƙe adaftar da sifana ɗaya, na ƙara juyi ɗaya da rabi da ɗayar. Hannuna na so ya ƙara, na tuna ƙas ɗin nan, na ajiye sifana.

Na bar shi ya kwana ya kama. Da safe na mayar da soket ɗin famfo da kan batir, na haɗa ramukan waya masu alamar FP da +B a akwatin gwajin motar don famfo ya yi aiki shi kaɗai, na murɗa makulli, famfo ya tashi inji bai tashi ba. Na danna farar takarda a gindin gejin minti biyar. Ta fito a bushe, alhamdulillahi.